Motocin robot na koya wa yara kodin: mu saya ko mu haɗa da kanmu?

Malama_Rabi_Aji5
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema. Ina koyar da lissafi da kwamfuta a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano, aji huɗu zuwa shida. Mai makarantarmu ya je wani taro a Abuja, ya ga yara suna sarrafa 'yan ƙananan motoci da kwamfuta, mota ta bi baƙin layi a ƙasa, ta zo gaban bango ta kauce da kanta. Tun da ya dawo ba shi da zance sai wannan. Ya ware ɗan kuɗi ya ce in bincika in kawo masa sunan abin da za a saya kafin a dawo hutu.

Ga halin da muke ciki. Laftof shida gare mu, biyu sai an jona su da wuta suke tashi. Kowane aji ya kusa yara arba'in. Wuta kuwa kun san yadda take. Ni kaina Scratch kawai na iya (manhajar koya wa yara kodin, wadda ake jan tubalan umarni ana jerawa), shi ma da waya na koya. Kuɗin da aka ware zai sayi irin na kanti guda biyu ko uku, ko kuma a sayo kayan a haɗa da hannu a samu da yawa. Wanda ya taɓa koyarwa da irin motocin nan don Allah ya faɗa min gaskiya: suna koyar da wani abu, ko wasa ne kawai mai tsada?

Injiniya_Sabongari
Wa alaikumus salam Malama. Ki haɗa da kanki. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: allon Arduino Uno ɗaya (ƙwaƙwalwar motar, shi ake ɗora wa umarni), ɗan allon L298N da ke ba injinan taya wuta, injinan nan rawaya guda biyu da tayoyinsu, sensa mai ido biyu da ake kira HC-SR04 don gane abin da ke gaba, sai gidan batir da wayoyi. Gangar jikin ma ba sai an saya ba, falanki siriri ko roba mai kauri ya wadatar. Kuɗin mota ɗaya ta kanti zai haɗa miki irin wannan uku ko huɗu. Kuma in wani abu ya ƙone, shi kaɗai za ki canja.

UmmuKhairat
Injiniya, kai sana'arka ce shi ya sa kake ganin sauƙinsa. Malama ta ce Scratch kawai ta iya. Na sayo wa 'yata irin wannan na haɗawa, sati biyu muna fama, taya ɗaya na juyawa ɗaya ba ya juyawa, har yarinyar ta daina tambayata. Ƙarshenta wani mai gyaran rediyo ne ya gano waya ɗaya ba mu haɗa ba. Wannan mota ɗaya ke nan a gida. Ka ƙaddara guda takwas a aji mai yara arba'in, darasin minti arba'in.

Injiniya_Sabongari
Hajiya, na san wayar da kike nufi ko ban gani ba. Ƙafar GND (ta negatif) ta Arduino da ta L298N dole a haɗa su wuri ɗaya, in ba haka ba umarni ba ya isa daidai. Kusan kowa ya taɓa faɗawa wannan ramin. Amma maganarki gaskiya ce, ba a ajin za a fara haɗawa ba. A haɗa a gida, a gwada, sannan a kai wa yara.

Hedimasta_Mai_Ritaya
Shekara talatin da ɗaya na yi a aji da ofis, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Malama, a cikin yaranki arba'in, nawa ne za su karanta shafi guda su gaya miki abin da ya ƙunsa? Nawa ne za su raba 84 gida 7 ba tare da zana sanduna ba? Idan amsar ba ta kai rabi ba, kuɗin nan littattafan karatu ya kamata ya saya. Na ga zamanin da aka kawo mana kwamfutoci a kwali, aka yi taro aka ɗauki hoto, aka kulle su a sito. Da na bar aiki suna nan ƙura ta rufe su. Ina tsoron kada motar nan ta zama abin nuna wa iyaye ranar rabon sakamako kawai.

Malama_Rabi_Aji5
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan tsoron shi ya sa na kawo maganar nan maimakon in rubuta suna in miƙa. Karatu dai alhamdulillahi, mafi yawansu suna yi. Lissafi ne ke da rauni, musamman kusurwa da awo. Kuma kuɗin an riga an ce na wannan ne, in ban kawo shawara ba wani za a ba ya sayo duk abin da ya ga dama.

Sadiq_Lissafi
To ai Malama kin faɗi inda motar take da amfani da bakinki. Bari in ba Baba Hedimasta labarin abin da na gani da idona, don ni ma da can ra'ayinsa nake da shi.

Ina koyarwa a ƙaramar sakandare a Zariya. Mota ɗaya tak gare mu, irin ta kanti da ake kira mBot, wani tsohon ɗalibi ya kawo kyauta. Na ɗaura mata alli a baya da roba, na ce yara su sa ta zana murabba'i a simintin aji. Sun yi: gaba, juya 90, gaba, juya 90, har sau huɗu. Wata yarinya ta ce Malam ai abu ɗaya muke ta rubutawa, na ce to ga tubalin "maimaita", sa 4 a ciki. Layi takwas ya koma uku. Ba ni na fara kawo maganar ba, gajiyar rubutu ce ta kawo ta.

Sai na ce to a zana alwatika mai gefe uku daidai. Duk ajin suka ce a juya 60, tunda sun haddace kowace kusurwa 60 ce. Mota ta tafi, ta juya kaɗan, ta tafi, ta juya kaɗan, ta tsaya can nesa, zanen bai rufe ba. Aji ya yi tsit. Ban ce komai ba. Wani yaro da ko hannu ba ya ɗagawa ya tashi ya tsaya a kan layin allin, ya taka zuwa ƙarshe, ya juya da jikinsa, ya ce, "Malam, juyin ya fi haka yawa, sai na waiwayo sosai." Suka yi ta gwadawa, 90, 100, har suka kai 120 zanen ya rufe. Daga nan na nuna musu 180 a cire 60, kuma 120 sau uku 360 ne, wato motar ta zagaya ta dawo tana kallon inda ta fara. Shekara shida ina koyar da kusurwar waje a allo, ban taɓa ganin ta zauna a kan yara kamar ranar ba.

Abin da motar take yi shi ne ba ta rufa wa kowa asiri. Abin da ka faɗa mata shi za ta yi, ba abin da kake nufi ba. Yaro yana ganin kuskurensa yana tafiya a ƙasa, ba sai malami ya ja masa jan biro ba.

Hedimasta_Mai_Ritaya
Malam Sadiq, wannan koyarwa ce, na yarda. Amma ka lura, kai ne ka yi shiru a lokacin da ya dace, kai ne ka zaɓi alwatika bayan murabba'i. Ba motar ba ce. A ba wani malamin wannan motar, tsere za a yi da ita har a tashi.

Sadiq_Lissafi
Haka ne Baba, ban musa ba.

Dan_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Abin da Malam Sadiq ya yi da alli ba sabo ba ne, asalin abin ke nan. A 1967 aka ƙirƙiro harshen Logo a Amurka don yara, Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon. Daga baya suka haɗa shi da wata na'ura mai taya da suke kira kunkuru, tana da alƙalami a ciki, yaro ya rubuta gaba kaza, dama kaza, ta zana a takarda. Papert haifaffen Afirka ta Kudu ne, ya yi aiki da Jean Piaget a Janeba kan yadda yara ke koyo. Abin da ya dage a kai shi ne in yaro ya rasa yadda zai ba kunkuru umarni, ya tashi ya zama kunkurun da kansa, ya taka ya gani. Daidai abin da yaron nan na Zariya ya yi ba tare da an gaya masa ba.

Mu a nan ƙungiyarmu ta yara ranar Asabar ce, da Faransanci muke amfani da Scratch, amma bayanin duk da Hausa ake yi.

AbuFatima
Ni shawarata a sayi LEGO Mindstorms a huta. Shi ake amfani da shi a gasar duniya, kuma ba ya lalacewa da wuri. Araha ba ta ado.

Yar_Zazzau_Tech
Malam AbuFatima, kamfanin LEGO ya daina yin Mindstorms tun ƙarshen 2022. Tun 1998 ake yin sa, kuma sunan ma daga littafin Papert (mutumin da Dan_Damagaram ya ambata) aka ɗauko, wanda ya fito a 1980. Wanda ya biyo baya a makarantu shi ne SPIKE Prime. Yana da kyau ƙwarai, amma kuɗin akwati ɗaya zai iya cinye duk abin da aka ware wa Malama, sannan ƙananan ɓangarori ne ɗaruruwa. A aji mai yara arba'in, kafin zango ya ƙare rabinsu sun bi aljihu da shara.

AbuFatima
Ban san an daina ba, na gode Anti. Amma dai gasa irin su World Robot Olympiad da FIRST LEGO League suna buɗe wa yara ido. Ɗana bai taɓa zama awa biyu a kan abu ɗaya ba sai da aka sa su shirin gasa a makarantarsu.

Yar_Zazzau_Tech
Gasa daban, aji daban. Gasa yara biyar ake zaɓa, yawanci waɗanda dama suna da kwamfuta a gida. Malama tana maganar yara sama da ɗari.

Malama, ga abin da zan ce. Tsakanin na kanti mai tsada da na Injiniya akwai hanya ta uku, micro:bit. Ɗan allo ne da bai kai katin ATM ba, BBC ta raba shi kyauta ga 'yan shekarar farko ta sakandare a Birtaniya a 2016. Yana da fitilu 25 a jere biyar-biyar, maɓalli biyu, yana jin motsi, yana da rediyon da alluna biyu za su yi magana da juna. Na biyun da ya fito a 2020 har da lasifika da makirufo. Ana sayar da 'yan motoci da ake soka shi a ciki kamar yadda ake soka kaset, irin su Maqueen da Cutebot, babu waya ko ɗaya da za ki haɗa. Ana rubuta masa umarni a MakeCode na Microsoft, tubala ne ake ja kamar Scratch, kwana biyu ya ishe ki sabawa.

Amfaninsa a wurinki: ki sayi alluna shida daidai da laftof ɗinki, motoci biyu. Kowane rukuni na aiki da allonsa, su gwada a hoton allon da ke cikin MakeCode, in sun shirya su zo layi su soka a mota. Ranar da mota ta lalace darasi bai tsaya ba, allon kaɗai ma ana yin ma'aunin zafi da shi, ana yin ƙidayar taku.

Baffa_Panteka
Duk kuna ta maganar sayowa daga waje. Mu da muka taso muna yin motar kara da motar langa-langa fa? Mu yanka tsohon silifas mu yi taya, mu lanƙwasa waya mu yi sitiyari mai tsawo muna turawa a lungu. Har yau yara na yi a unguwarmu a Kaduna. Akwai wani yaro almajiri da ke zuwa rumfata, ya haɗa tifa da gwangwanin madara, har bayanta na ɗagawa da sirinji da ruwa. Babu wanda ya koya masa. Irin wannan yaron in aka ba shi allon Arduino da injin taya biyu, me kuke tsammani?

Malama, ko me za ki saya, ki bar yaran su gina jikin motar da hannunsu. Kwali, murfin jarka, kara. In yaro ya gina abu da kansa ba ya yarda a taka shi.

UmmuKhairat
Baffa ka tuna min da yayyena. Mu mata ba a barinmu mu taɓa, sai dai mu tsaya kallo. Wannan ma ina so Malama ta sa ido a kai. A makarantar 'yata da aka kawo irin motar nan, maza suka kewaye ta, matan suka koma baya suna rubuta abin da aka yi a littafi. Da na tambaye ta me ta koya sai ta ce ita ce mai rubutu.

Sadiq_Lissafi
Hajiya wannan ya faru a ajina ma. Abin da ya yi min magani shi ne rabon aiki da juyawa. Rukuni na mutum biyar: mai zana hanyar a takarda, mai takawa da ƙafa, mai jan tubala a kwamfuta, mai ɗora mota a layi, mai awo da rula. Kowane gwaji sai a matsa, mai awo ya koma kwamfuta. Kuma a makonnin farko na ware mata rukuninsu daban. Bayan sun saba, da aka gauraya ba mai iya ƙwace musu linzamin kwamfuta.

Gambo_Mai_Sola
Ba wanda ya yi maganar batir, kuma shi ne zai kashe shirin nan in ba a yi hattara ba. Kada ki yarda da batirin nan mai kusurwa huɗu na 9V, ba ya iya ɗaukar injin taya, minti kaɗan zai kwanta. Batirin rediyo ƙanana guda huɗu suna ba da 6V, amma L298N da Injiniya ya ambata yana shanye kusan 2V a cikinsa, abin da zai isa taya kaɗan ne, ga shi kullum sai an sayi sabo. Abin da ke aiki shi ne batirin caji 18650 guda biyu a jere, 7.4V, in sun cika 8.4V. Su ne a cikin tsofaffin batiran laftof da fitilun caji.

Amma ina roƙonki, caji a hannunki kawai. Kada yaro ya tafi da shi gida, kada a bar shi a rana ko a aljihu tare da makulli. In ledar jikinsa ta yage ko ya fara zafi, a cire shi daga aiki. Na ga wanda ya kama wuta a kan teburin gyara, ba abin wasa ba ne. Ki sami caja ta kirki mai yanke wuta in ya cika. Ƙaramin faifan sola da batir ɗaya zai riƙe miki cajin motoci da laftof biyun nan da batirinsu ya mutu.

Injiniya_Sabongari
Gambo ya yi gaskiya. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, bari in faɗi aibin tawa shawarar da kaina. Injinan nan rawaya ba sa tafiya daidai da juna. Ka ba su wuta iri ɗaya, ɗaya zai ɗan fi ɗaya gudu, motar ta riƙa karkata. Sannan ba kusurwa kake ba ta ba, lokaci kake ba ta: juya na rabin daƙiƙa. Da safe batir na cike rabin daƙiƙa ya ba ka 90, da rana ya ba ka 70. Ga manyan yara wannan kansa darasi ne, su auna su gyara. Ga 'yan aji huɗu kuwa zai iya rikita su, yaro ya rubuta daidai mota ta yi ba daidai ba.

Sadiq_Lissafi
mBot ɗin ma haka take, Injiniya, da lokaci take juyawa. Kafin darasin alwatika sai da na zauna na auna daƙiƙa nawa ke ba da digiri nawa, na haɗa musu tubali na musamman da suke sa lamba a ciki. Kuma da cikakken caji nake shiga aji.

Maman_Twins_Accra
Ina bin ku daga Nima. Ga ƙananan yara akwai Bee-Bot, mai siffar ƙudan zuma, daga Ingila. Ba ya buƙatar kwamfuta sam, maɓallai ne a bayansa: gaba, baya, dama, hagu, tafi. Kowane taku santimita 15, kowane juyi digiri 90, ba ya ƙari ba ya ragi. Ana zana gidaje a tabarma ko kwali, a ce kai shi kasuwa ka biya ta masallaci. 'Yan biyuna suna da shekara shida suka fara da shi. Sai dai 'yan aji biyar da shida zai yi musu kaɗan, sati uku sun gama da shi.

Malam_Nura_Islamiyya
Tambaya ɗaya, ba don in ɓata zance ba. Iyaye za su tambaya game da sura, tunda robot ana ce masa mutum-mutumi, wani kuma mai siffar zuma da ido. Ya kuka yi da wannan?

Dan_Damagaram
Malam Nura, an tambaye mu. Mun kira iyayen muka ajiye motar a gabansu, suka ga allo ne da taya da waya. Abin da ya yi kama da ido biyu a gaba, ɗaya ƙara yake fitarwa wadda kunne ba ya ji, ɗaya yana sauraron dawowarta. Tun daga ranar muka daina cewa mutum-mutumi, muke cewa mota mai bin umarni, don shi ne gaskiyar abin. Hukunci dai na malamai ne, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mai fuska ba, marasa fuska sun fi yawa.

Malam_Nura_Islamiyya
Madalla, na gamsu da wannan bayanin. Allah ya saka.

Kabiru_Kodin
Tunda an taɓo idon nan, akwai lissafi mai daɗi a cikinsa ga 'yan aji shida. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Sensar tana auna lokacin da ƙarar ta ɗauka ta je ta dawo, sai a raba biyu tunda tafiya biyu ce. Ki kai su gaban dogon bango su tafa hannu su ji amsa-kuwwa, sannan ki ce musu abin da motar ke yi ke nan. Tayar nan rawaya kuma faɗinta milimita 65, zagayenta ya ɗan haura santimita 20, don haka juyi biyar kusan mita ɗaya. Su naɗa zare a taya su auna da kansu.

Abu biyu da za su ba ki mamaki in ba a faɗa miki ba. Sensar gaba ba ta ganin labule ko hijabi sosai, yadi na shanye ƙarar, sai mota ta shige ciki. Sensar bin layi kuma hasken rana na rikita ta, don da hasken infrared take aiki. Kada ki shirya nuni a filin makaranta da tsakar rana. Cikin aji, farin kwali, baƙin salatif na masu wayarin, shi ke nan. Lokacin hunturu ki riƙa rufe su a bokiti mai murfi saboda ƙura.

Scratch ɗin da kika iya ma na Google ne, kuma mBlock, manhajar mBot, a kansa aka gina shi, ba sabon abu za ki koya ba.

Yar_Zazzau_Tech
Gyara kaɗan Malam Kabiru: Scratch na jami'ar MIT ne, rukunin Mitchel Resnick, ya fito a 2007. Wanda Google ta ƙirƙiro shi ne Blockly, wanda MakeCode ke amfani da shi. Sauran bayaninka daidai ne. Malama, ki duba jerin harsuna a Scratch, akwai Hausa a ciki. Kuma akwai wanda ake saukewa a laftof ya yi aiki ba intanet, ba sai kina ƙona data kullum ba.

Kabiru_Kodin
Na karɓi gyara, na gode.

Hedimasta_Mai_Ritaya
Na karanta duka. Har yanzu ina nan kan cewa malami ne gaba da kaya. Amma tunda kuɗin ba za a juya shi ba, ga roƙona. Kada a kashe shi duka a kan motoci. A ware kashi ɗaya na gyara da batir, kashi ɗaya a biya wanda zai zauna da Malama da wani malami guda ya koya musu sosai. Na ce malami biyu da gangan. Ranar da aka yi wa Malama canjin aiki ko ta tafi hutun haihuwa, kada motocin su bi kwamfutocina sito.

Kuma ki fara tun kafin kaya su iso. Ki zana gidaje da alli a ƙasa, yaro ɗaya ya zama mota, sauran su rubuta masa umarni a takarda, kada ya yi komai sai abin da aka rubuta. Wannan ko sisi ba ya ci. In kika ga ajin ya kama wannan, to motar za ta yi amfani.

Malama_Rabi_Aji5
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na gwada abin da Baba Hedimasta ya ce da yaran lesin guda tara da ke zuwa lokacin hutu. Na sa wata yarinya ta zama mota, aka ce a kai ta bakin ƙofa ta kewaye kujera. Rukunin farko suka rubuta "juya" ba su ce dama ko hagu ba, ta tsaya cak ta ce ba ta gane ba. Na biyu suka manta kujerar, ta je ta tsaya a gabanta tana taka ƙafa a wuri ɗaya. Sai da aka yi gwaji biyar ta isa ƙofa, kuma da lokacin tashi ya yi ba wanda ya ɗauki jakarsa.

Abin da nake shirin rubuta wa mai makaranta: micro:bit shida da motoci biyu kamar yadda Anti Yar_Zazzau ta ce, sai kayan Arduino na mota ɗaya da 'yan aji shida za su gina wa jiki da kwali irin na Baffa, sauran kuɗin batir da horo. Ban yanke ba tukuna, don na san zai ce motoci biyu sun yi kaɗan a hoto.

Injiniya_Sabongari
Ni dai har yanzu ina ganin da Arduino huɗu kin fi samun riba, don kayan gyaransa na nan a kasuwa, na micro:bit kuwa sai an yi oda an jira. Ki tambayi mai sayarwa tun yanzu ko yana da injin taya na canji, shi ne ke fara mutuwa. Ta Arduino ɗin kuma in kin sayo kayan ki yi min magana a nan, zan turo miki zanen yadda wayoyin ke haɗuwa.

UmmuKhairat
Injiniya ka saka zanen a nan kowa ya gani, tamu motar ma tana nan a kwali tun bara.

Gambo_Mai_Sola
Malama, kafin ki yi odar batir ki duba wace motar za ki ɗauka, don ba duka ke cin 18650 ba. Maqueen ƙarama da Cutebot batir AAA uku suke ɗauka. In su ne, ki nemi AAA masu caji da cajarsu, saiti biyu ga kowace mota, ɗaya na aiki ɗaya na kan caji. Laftof biyun nan da batirinsu ya mutu wane iri ne? Ki turo lambar da ke jikin batirin in duba ko ana samunsa.